Tafiyarmu Ibadan da Buhun Ɓawon Magani

Wata biyar ke nan da dawowarmu, sai yau na iya zama in rubuta. Karatuna firamare ne, aji shida na tsaya, kuma ina tsoron in rubuta abu ba daidai ba, wani ya karanta ya ajiye maganinsa saboda ni, in kwashi alhaki. Sannan ciwon ba nawa ba ne, na matata ne, Balki. Sai da na nemi izininta sau uku. A na ukun ta ce, "Malam, in ka sake tambaya ta, na hana." Abokaina na bakin kasuwar kifi kuma sun ƙi bari na in huta. Kullum sai wani ya ce, "Sani, wai mi anka yi muku can Badun?" Ibadan ke nan. Na gaji da farawa daga farko, shi ya sa na ɗauki biro.

A Argungu nake, gyaran koma da taru na kamun kifi nake yi, da rani in taɓa albasa a fadama. Balki kuwa bandar kifi take yi tun kafin in aure ta, kuma ba don matata ce ba, tarwadarta ta fi ta kowa a layinmu. Shekara takwas ke nan asma ta kama ta. Da farko abin shaƙa shuɗi yana isar ta. Daga baya aka ƙara mata mai ruwan ƙasa, na safe da yamma. Daga baya aka ƙara wasu ƙwayoyi da suka kumbura mata fuska har 'yan unguwa suna yi mata barka, wai ta yi ƙiba. Duk da haka wata ba ya ƙarewa ba mu kwana asibiti a Birnin Kebbi ba. Ranar kasuwa ce ta fi muni. Ta wuni a tsaye, ta dawo gida, ta yi sallar magariba, ba a jima ba sai ƙirjin ya fara kuka kamar an taka ɗan kyanwa. Kowa ya ce hayaƙi ne. Ni ma haka na ce. Ita kuma ta ce hayaƙin nan shi ya ciyar da ita tun tana budurwa, ba zai juya mata baya yanzu ba.

Likitan da ke duba ta a Birnin Kebbi yaro ne mai kirki. Wata rana ya ajiye biro ya ce abin da ya sani ya ƙare. Ya ce akwai wadda ta koyar da shi aikin ƙirji, tana wani babban asibiti a Ibadan, suna da na'urar da ake hurawa a auna numfashi, zai ba mu takarda idan za mu iya zuwa. Na yi mako biyu ina juya maganar. Ban taɓa wuce Yawuri ba. Wa muka sani a can? Idan ciwon ya tashi a hanya fa?

Wadda ta yanke maganar ita ce Maman Tawa, Bayerabiya mai sayar da robobi a kasuwar Birnin Kebbi, wadda ke sarar kifin Balki tana aika wa danginta. A Kabi ta girma, Hausarta ta fi tawa kaifi. Ta ce, "Malam Sani, kai hwa in anka bar ka, sai ka tambayi hanya ko tana da lahiya kahin ka taka ta. Ni za ni gida Badun sarin kaya ran Litinin. Ku shirya mu tahi, gidanmu akwai ɗaki."

Dole in faɗi wani halina a nan, domin shi ne rabin labarin. Ba na zubar da ɓawon magani. Ina nufin takardar nan mai ƙyalli da ake ɓallo ƙwaya daga ciki, da kwali, da leda, da gwangwanin abin shaƙa in ya ƙare. Tun ranar da akuyar maƙwabcinmu ta haɗiye leda ta mutu nake tsoron in yar da abu, dabba ta ci ko yaro ya tsinta ya lasa. Sai na riƙa tarawa a buhun shinkafa da niyyar in ƙone, sai kuma in ji tsoron hayaƙinsa. Haka ya kai rabin buhu. Da za mu tafi na ɗauko shi. Balki ta ce, "Shara za ka kai musu tsaraba?" Na ce idan likita ta tambaye ni sunan wani magani na kasa faɗa fa? Ta yi tsaki, ta ɗaure kwandon kifin da za mu kai wa masu masauki.

Mun bar Argungu da hantsi, muka wuce Ambursa ana ta yankan shinkafa, muka kwana gidan Maman Tawa a unguwar Gesse, cikin Birnin Kebbi. Bayan asuba muka shiga bas. Na roƙi direba ya ba Balki bakin taga, sai kuma na ji tsoron iska, na roƙe shi ya mayar da ita tsakiya, sai kuma na tuna a tsakiya babu iska ko kaɗan. Direban, wani dogo mai goro a baki, ya leƙo ya ce, "Baba, ko in ba ta sitiyari?" Mota duk ta ɗauki dariya, har da Balki.

Kafin mu kai Jega rana ta fara dukan kwandon kifi. Zuwa Koko wani ɗan kasuwa da ke bayanmu ya toshe hanci da hula yana cewa wanda ya shigo da gulbi cikin mota ya ji tsoron Allah. Na ba da haƙuri sau ba adadi. Balki ta ce, "Ni ban ji komi ba, sharri ne." Na ɗauka kare sana'arta take yi.

A Kwantagora taya ta fashe. Muka zauna gindin wata bishiya, mata masu talla suka kewaye mu da dafaffiyar gyaɗa da rogo. A nan na shiga wata damuwar: shin in yi ƙasaru ko in cika, tunda ban san kwana nawa za mu yi ba? Wani dattijo Banufe da ke cikin motar ya ce, "Malam, kana kan hanya, taya ma ta yi ƙasaru, bare kai." Na bi shi muka yi raka'a biyu. Saboda wannan jinkiri, kuma saboda na rantse ba zan yi tafiyar duhu da mai ciwon ƙirji ba, muka sauka a Mokwa tun da sauran rana, muka kama ɗaki kusa da tasha. Mai ɗakin ya kawo maganin sauro na ƙonawa, Maman Tawa ta kore shi da shi, ta ciro gidan sauro daga jakarta. Ashe ita ma ta iya damuwa, ba ta dai yin hayaniya da ita.

Washegari muka shiga wata motar. Daf da gadar Jebba masu kaki suka tsayar da mu, aka ce kowa ya nuna kayansa. Ɗayansu ya kwance buhuna, ya zura hannu, ya ɗago dunƙulen ɓawon ƙwayoyi. Fuskarsa ta canza. Ya ce da Hausar barikinsa, "Kai ne ka shanye duk wannan?" Na fara bayanin akuya. Ya kira abokinsa, na sake bayanin akuya daga farko. Sai Balki ta fiddo abin shaƙarta da takardar likita ta miƙa masa. Ya karanta, ya dube ta, ya dube ni, ya ɗaure buhun da hannunsa ya ce, "Madam, Allah ya ba ki lafiya. Wannan mijin kuma Allah ya ba ki haƙuri." Da muka hau gadar na leƙa ruwan Kwara, na ga masunta a jiragensu suna jefa birgi kamar namu, hankalina ya ɗan kwanta. Maman Tawa ta ce daga nan an bar ƙasar "sannu" an shiga ta "eku".

Mun shiga Ibadan da la'asar. Gari ne da ba ya ƙarewa, tudu bayan tudu, rufin kwano duk ya yi ja. Motocin hayarsu ƙanana ne kamar akwatin ashana, kuma mutum biyu ake cusawa a gaba. Muna sauka ƙofar gidan su Maman Tawa sai wani ƙato mai gemu ya fito, yana ganin ta ya zube ƙasa rub da ciki. Na yar da buhu na ruga in ɗaga shi, ina salati, na ɗauka farfaɗiya ce. Ashe ɗan yayanta ne, gaisuwa yake yi. A wurinmu namiji ya durƙusa, ya cire takalmi, shi ke nan. Su kuwa ko da farar riga sai ƙirji ya taɓa ƙasa. Kwana huɗu da muka yi a gidan, duk wanda ya shigo sai an ba shi labarin, a nuna ni.

Aka kawo tuwo baƙi, wai amala, da wata miya koriya mai yauƙi, da jar miya a kai. Na zauna ina kallon naman, ina kunyar tambaya. Mahaifin Maman Tawa, tsoho Alhaji mai ƙaramin carbi, ya gane. Ya nuna wuƙarsa, ya nuna ƙirjinsa, ya ce "Bismillahi, Allahu akbar." Na ci. Koriyar miyar ashe lalo ce, irin wadda ke fitowa bayan gidanmu ba mai kula ta. Jar kuwa barkono ne da ya sa na yi hawaye har cikin kunne. Balki ta cinye nata ta ƙara. Wani abin da ban saba gani ba shi ne ƙanwar Maman Tawa Kirista ce, a gida ɗaya suke, kuma ita ke cika min buta idan lokacin salla ya yi, har ta gyara min tabarma wai na karkace daga alƙibla. Na duba da kyau, ita ke da gaskiya.

Asibiti kwana uku ya ci mana. Ranar farko kati da layi. Rana ta biyu aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton ƙirji, aka kai Balki ɗakin na'urar. Aka matse mata hanci da wani abu kamar na shanya, aka sa mata bututu a baki, ma'aikaciyar tana buga tebur tana ihu ta hura, ta hura, ta ƙara hurawa. Ni da ke bakin ƙofa na tarar ina hurawa tare da ita har jiri ya ɗebe ni.

Rana ta uku muka ga likitar. Dattijiya ce gajera mai furfura, ba ta jin Hausa, Maman Tawa ce tafinta. Ta fara da cewa Balki ta shaƙi maganinta a gabanta. Balki ta fesa a baki ta buɗe, kamar mai fesa turare. Likitar ta girgiza kai ta ce rabinsa a harshe yake tsayawa, ta ba ta wata kwalbar roba mai baki biyu, a fesa ta nan a shaƙa ta can a hankali. Sannan ta haska cikin hancinta da fitila, ta daɗe tana dubawa. Ta yi tambaya.

Maman Tawa ta ce, "Wai yaushe rabonki da jin ƙamshi?"

Balki ta sunkuyar da kai. Can ta ce, "Shekara huɗu."

Na juya na dube ta. Shekara huɗu muna ɗaki ɗaya. Ta ce da ido da yatsa take gane kifi ya yi, kuma ta ɓoye ne don kada masu saye su ji su guje ta, kada ni kuma in ji in hana kaina barci.

Likitar ta ce akwai tsiro a hancinta, ciki da ciki, kamar 'ya'yan inabi. Sai ta gyara zama ta tambaya: ban da maganin asma, tana shan wani magani? Na ce a'a. Wannan tambayar an yi mana ita a Birnin Kebbi ya fi sau goma, kullum a'a nake cewa, kuma har ga Allah ban ɗauka ƙarya nake yi ba. Likitar ta nuna buhun da ke tsakanin ƙafafuna. Maman Tawa ta yi mata bayani da Yarabanci, na ji ta kwaikwayi kukan akuya. Likitar ba ta yi dariya ba. Ta share teburinta ta ce a zazzage.

Ta sa tabarau ta shiga ware su kashi-kashi kamar mai kasa albasa. Gwangwanaye gefe guda, kwalaye gefe guda. Sai wani kashi na ƙananan yanka-yanka ya yi ta tsawo har ya fi sauran. Ta ɗaga ɗaya ta ce mene ne wannan?

Na ce, "A'a, wannan ba magani ba ne, haɗi ne."

Wanda ya san garuruwanmu ya san haɗi. Ka je kemis ka ce jikinka na ciwo, ya yanko maka ƙwaya uku ko huɗu da almakashi, ja da fara da rawaya, ya ƙulla a leda. Manomi na sha, mai jirgi na sha, mai dako na sha. Ba ma lissafa shi cikin magani, kamar goro yake ko shayi. Kuma ni ne nake sayo wa Balki duk ranar kasuwa, domin ba na iya ganin ta tana dafa bango in za ta tashi. Ko ta ce ta ji sauƙi, sai na tsaya a kanta da kofin ruwa ta haɗiye.

Likitar ta tambaya ƙarfe nawa take sha. Na ce bayan magariba. Ciwon fa, yaushe yake tashi? Sai na tuna, shi ma bayan magariba ne.

Ta yi bayani a hankali, Maman Tawa na juyawa, wannan karon ba ta ƙara gishirinta ba. Ta ce akwai masu asma, ba duka ba, waɗanda ke da irin wannan tsiron hanci, jikinsu ba ya shiri da asfirin da danginsa na ciwon jiki. In sun sha, cikin awa ɗaya ko biyu hanyar numfashi sai ta tsuke, wani ma daga nan sai kabari. Ta ce kusan kowace ledar haɗin nan akwai irinsu biyu a ciki. Ta ce wannan ba shi ya kawo asmar ba, kuma barinsa ba zai kore ta ba, domin ta Balki mai taurin kai ce, jininta ma ya nuna. Amma shi ne ke jefa ta asibiti.

Ban san lokacin da hawaye ya zubo min ba, a gaban mata uku. Na ce shekara nawa ina ba ta guba da hannuna. Balki ta ce, "Kai Malam, bari hakanan. Kai kab ba ni, ni na haɗe, mai kemis ya ƙulla. In laihi ne mu ukku za a kama." Likitar ta tambayi abin da nake cewa. Da aka gaya mata, ta dafa tarin ɓawon ta ce mutane da yawa suna zuwa mata hannu rabbana, su ce wata ƙwaya fara, ta yi wata shida tana lalube. Ta ce in mayar da sharata cikin buhu, ta gama da ita.

Aka canza mata abin shaƙa zuwa wani mai magani biyu a haɗe, safe da yamma ko tana lafiya, aka ba ta na fesawa a hanci. Aka rubuta mana kati da sunayen magungunan da ba za ta ƙara sha ba, aka ce in jiki ya yi ciwo farasitamol kaɗai, shi ma yadda aka ƙayyade. Likitar ta ce in duk wannan bai isa ba akwai aikin hanci, akwai kuma wata allura ta wata-wata da ke da wuyar samu a ƙasar nan, amma ba a kai can ba tukuna. Sai ta zo kan hayaƙi. Ta ce kada mu ji an kama haɗi mu ce hayaƙi ya fita wanke. Balki ta bar bakin murhu. Balki ta ce har yaushe? Likitar ta ce har sai murhun ya daina hura mata a fuska.

Ina roƙon mai karatu, kada ya ce Sani ya ce. Ni mai gyaran koma ne. Abin da aka gaya wa matata, ita aka gaya wa. Amma in likita ya tambaye ka abin da kake sha, ka faɗa masa har haɗi, har jiƙo, har abin da kake ganin ba komai ba ne.

Dawowa ba mu sha wuya ba. Alhaji ya cika mana jaka da garin amala da manja, Balki ta koyi gaisuwa uku da Yarabanci tana ta yi wa mutane har Yawuri. Da muka iso na kai katin wurin mai kemis ɗinmu. Na yi kwana biyu ina shirya yadda zan faɗa kada ya ji zargi ne. Ya karanta ya riƙe baki, ya kwafe sunayen a bangon shagonsa, yanzu kafin ya yanka wa mutum haɗi sai ya tambaya ko yana da asma.

Alhamdu lillahi, cikin wata biyar ɗin nan sau ɗaya muka je asibiti da gudu, shi ma mura ce ta tayar. Kumburin fuska ya saɓe. Tana hawa tudun bakin gulbi ba ta tsaya ba. Ran nan ina soya albasa don na karɓe mata girki, ta leƙo daga ɗaki ta ce, "Wa ka ƙona albasa?" Muka tsaya muna kallon juna, albasar ta ƙarasa ƙonewa.

Saura abu ɗaya, kuma shi ne dalilin da ya sa na daure na kai ƙarshen rubutun nan. Ƙanwar Balki ce ke tsaye bakin murhu yanzu, ita Balki na zaune nesa ta inda iska ke tasowa tana ba da umurni, kuma masu saye sun fara cewa kifin ba kamar da ba. Wannan maganar tana cin ta fiye da ciwon. A motar dawowa wani mutumin Neja ya ce min ya taɓa ganin murhun banda rufaffe, na bulo ko na duro, mai ƙofa da dogon bututu, hayaƙi ya bi ta sama, mai aiki ba ya shaƙa. Ya sauka a Kwantagora kafin in tambaye shi da kyau. Na tambayi maƙera biyu a nan, kowa ya ce ya ji labari amma bai gani ba, ni kuma ina tsoron in sa a ƙera da ka, ya zo yana yoyon hayaƙi, in sake cutar da ita da hannuna.

Don Allah, duk wanda ya taɓa aiki da irin wannan murhu, ko ya san mai ƙera shi a Kabi ko Sakkwato ko Neja, ya gaya min tsawonsa, da inda ake sa wuta, da ko kifin yana yin ja kamar na murhun gargajiya. Ya bar bayani a ƙarƙashin wannan rubutu, ko in ya shigo Argungu ya tambayi Sani mai gyaran koma a bakin kasuwar kifi. Ruwa ya fara janyewa, tarwada ta kusa cika kasuwa. Balki ta ce ta ba ni zuwa lokacin. In ban samo ba za ta ɗaura ɗankwali a hanci ta koma wa tsohon murhunta, kuma shekara ashirin da biyu nake tare da matar nan, ban taɓa jin ta faɗi abu ta fasa ba.